Takardata a Bangon Sabi'u

Laraba da dare, Hayyin Ashir

Yau bayan la'asar Sabi'u ya tare ni a ƙofar masallaci. Mutumin da ya yi kwas na sati uku a waya, ya buga kati wai shi "Dokta", masanin halayyar ɗan Adam, har da ofis a falonsa a unguwar Faisal.

Ya ce, "Ɗan'uwa, ara mini takardar digirinka in rataya a bango. Ado ne kawai, don mutane su natsu."

Shekara bakwai ina karatun nan na halayyar ɗan Adam, har yau lasisi bai fito ba. Ba na ganin mara lafiya sai ƙarƙashin mai duba aikina. Ko ya fito, rubuta magani ko dakatar da shi ba hurumina ba ne, aikin likita ne. Amma shi gwanin, shi ya sa Habibu abokin zamana ya daina shan ƙwayoyin da likita ya rubuta masa. Kwana huɗu Habibu bai runtsa ba, jiya muka mayar da shi asibiti.

Na gaya masa haka, na ce ba zan bayar ba. Ya ce, "Ma'alish, ba komai, ka dai yi tunani."

Bai ko tambayi jikin Habibu ba. Abin da ya tambaya shi ne ko takardar tana da firam.