Gawon Gonata da Injin Gambo

Korgom, watan biyu, 1985

Zuwa ga taubashina kuma bawana, Cha'ibu makaniki, a Maraɗi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Jummai da yara. Yaya Gwaggo da ciwon ƙafarta? Ka gaishe mini da ita da kyau, ka ce ɗan wanta yana neman albarka. Mu nan lafiya lau, sai abin da ka riga ka sani. Rumbu ya yi ƙasa, jar dawar taimakon da sojoji suka raba ta zo sau ɗaya ba ta sake waiwayarmu ba.

Ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba. Wani abu na gani a kasuwar Tasawa, tun ran nan na kasa zama wuri guda. Matata Rakiya har ta tambaye ni ko cinnaku ne a tabarmata.

Injin yankan icce ne, na hannu. Ka tuna Gambo ɗan Sanda mahauci, wanda ya tafi kurmi neman kuɗi? To an koro su, ya dawo ba shi da komai sai wannan inji. Ja ne, fentin duk ya goge, yana da dogon harshe da sarƙa mai haƙora tana zagaye shi. Igiya ake ja ya tashi. A gabana ya ratsa wani kututture kamar mai yanka kabewa, na saki baki har ƙuda ya kusa shiga.

Ga abin da ke raina. Fari ya kashe mini itatuwan kirya a gonar gabas, suna nan tsaye a bushe. Maƙera na neman gawayinsu, matan Tasawa na neman iccen girki, amma ka san kirya ba ta jin gatari. Na karya ƙota, na karya wata, kafaɗata ma ta kusa bin su. In da injin nan a hannuna, busasshen icce kaɗai zai kai mu damina ban taɓa gawona ba.

Kai da ka daɗe a birni wataƙila ka manta abin da gawo yake a wurinmu. Bara duk faɗin gonar ba inda hatsi ya fid da kai sai ƙarƙashinsu. Yanzu da ba ciyawa ko ta sakace, 'ya'yansu ne ke riƙe da saniyata da awaki, nonon kuma shi ke riƙe da yara. Ga masu kamyo, manyan motocin kayan nan, suna bin ƙauyuka suna sayen gawo a tsaye, su ba ka dawa, su kai shi a sassaƙa turame. Na rantse ba za su ga nawa ba.

Sai dai in zan saya, dole in rabu da maraƙina. Shi ya sa nake ta kai-komo. Tsohon inji ne, iyaka kuma a rufe, in wani abu ya karye a ciki ina zan samo shi? Kai da ka ƙare rayuwarka a ƙarƙashin motocin mutane, yau ga ranarka. Ka rubuto mini yadda ake gane mai sauran rai da wanda aka shafa wa mai don a cuci baƙauye. Ka ba direban da ya kawo wannan, kada ka yi nawar da ka saba.

Rakiya tana gaida Jummai. Allah shi bar zumunci.

Ubangidanka,
Na Allah


Korgom, watan uku

Taubashina Cha'ibu,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyali da Gwaggo. Takardarka ta iso, rubutun kamar kaza ta yi tono, amma na karanta. Na gode.

Na bi abin da ka ce ɗaya bayan ɗaya. Na ja igiya a sanyaye, tana da ƙarfi, tana ƙoƙarin fizge hannu. Na sa Gambo ya cire buji, fulogin da ke ba da wuta, na diba, ba baƙi ba ne, ba jiƙe yake ba. Hayaƙin bai yi yawa ba. Haƙoran sarƙa sun ci rabi, amma ya haɗa mini da magagarin wasa su. Da ya ga ina ta juya abin ina ajiyewa ina sake ɗauka, sai ya ce zai tafi Mayahi ta'aziyyar kawunsa, zai ɗan jima, in riƙe in gwada. In ya dawo, ko maraƙi ko injinsa. Ya nuna mini yadda ake gauraya esansi, wato fetur, da baƙin mai, da yadda ake tsayawa don kada icce ya faɗo wa mutum.

Cha'ibu, ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar farko ba. Na karɓo takardar busasshen icce wurin masu gandun daji, na shiga gonar gabas da hantsi, kafin azahar kiryar da ta gagare ni wata guda tana kwance gunduwa-gunduwa. Dariya na yi ta yi ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Na sayar da iccen, a satin nan mun ci tuwo har da miya mai daddawa.

Amma akwai abin da ni da kai ba mu lissafa ba. Injin nan ba ya aiki a ɓoye, kukansa har bakin rijiyar gari. Kafin in iso gida masu neman aro sun riga ni.

Ka san yadda muke. A garin nan ba a hana aron kayan aiki. Galma, tsani, guga, amalanke, in kana da shi to na kowa ne, wanda ya hana kuwa har jikokinsa sai an yi musu gori. To shi wannan ba wanda ya iya riƙe shi sai ni, ka ga aron inji ya zama aron Na Allah ɗungum. Na yanka wa Zara'u mai takaba busasshiyar aduwarta, na yanka wa liman, na yanka wa maƙwabta. Wannan duk ban ji ciwo ba, matattun itatuwa ne. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne saurin da suka ƙare. Busasshen iccen da na ɗauka zai kai mu damina, ga shi tun yanzu sai an yi tafiya kafin a ga ɗaya.

Shekaranjiya wani ya fara yi mini zancen ɗanyen gawo. Na ce ba esansi. Jiya sai ga shi da kwalba cike, ya sayar da akuya ya sayo. Na ce sarƙa ta dakushe. Ban san ƙaryar da zan yi gobe ba.

Ka ce in ya tsallake gwajin nan inji mai kyau ne, in saya ido rufe. Na yarda mai kyau ne. Ni dai hankalina ne bai kwanta ba.

Naka,
Na Allah


Korgom, watan uku, ƙarshensa

Cha'ibu,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Ka yi haƙuri da gajartar gaisuwar, akwai abin da in ban faɗa maka ba ban san wa zan faɗa wa ba.

Baban Rakiya ya zo gidana. Da ƙafarsa, Cha'ibu. Tun da na auri ɗiyarsa bai taɓa taka ƙofata ba, ko a hanya muka haɗu nakan durƙusa ya wuce kansa a gefe. Na fito na tarar da shi tsaye a rana da sandarsa, ya ƙi shiga zaure. Na durƙusa, idona a ƙasa. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi yara, ya tambayi bisashe, sannan ya ce:

"Na ci irin shuka, Na Allah. Gobe ka zo da abin nan gonata."

Shi ke nan maganar. Da wane baki zan ce wa surukina a'a? Mutumin da ko sunansa ba na iya kamawa? Na shiga gida na gaya wa Rakiya, ina fatan ta ce in bari ta je ta lallashe shi. Sai ta juya mini baya tana gyara murhun da ba wuta, na gane ta riga ta san halin da gidansu ke ciki fiye da ni.

Ka san babban gawonsa na bakin hanyar Kona, inda mata ke sauke tulu su huta. Kore shar yake, 'ya'ya sun yi ja a jikinsa. Mai kamyo yana gefe da buhunsa. Na ja igiya ina roƙon Allah ta ƙi tashi, ta tashi a ja na farko. Ban kai tsawon sallar la'asar ba icce ya yi ƙara ya kwanta. Awakin gari suka kwaso a guje suka rufe ganyen. Tsoho ya zo ya zauna a kan kututturen, yana shafa wurin yankan da tafin hannu har aka gama lodi.

Abin da ke cina shi ne, da gatari ne da iccen nan yana nan. Gawo irin wannan kwanaki ake yi ana sara. A cikin kwanakin nan wani dattijo zai biyo ya ce haba, ko ɗa ya aiko da ɗan abu daga cin rani, ko masu gandun daji su ji labari, ko shi mai saran ya gaji ya ce bari in sassare rassa in bar uwar. Sau nawa muka ga gawo da tabon gatari a gindi, ya warke ya ci gaba da rayuwarsa? Gatari yana ba mutum lokacin sake tunani. Wannan abin kafin ka ce wayyo an gama.

Da yamma surukata ta aiko mini da fura a sabuwar ƙwarya, ta dawar da aka ba su. Na kasa sha, na ba yara.

Yanzu duk wanda na ce wa ba esansi ya ga na yanka wa surukina. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Gambo bai dawo ba, abin yana rataye a zaurena, na shiga na gan shi, na fita na gan shi.

Ka gaida Gwaggo, amma kada ka ba ta wannan labari.

Na Allah


Korgom, watan biyar

Ɗan'uwana Cha'ibu,

Assalamu alaikum. Ina fata kai da Jummai da yara da Gwaggo kuna cikin ƙoshin lafiya. Na ga takardunka biyu, na ga faɗan da ka yi mini na shiru. Ka yafe ni, ba ni da bakin wasa kwanakin nan.

Na mayar wa Gambo injinsa. Na san za ka ce na yi wauta, don ba za a sake samun irinsa a wannan araha ba. Mutanen gari ma sun ce rowa ce ta sa, wasu har sun rage gaishe ni. Bari in gaya maka gaskiyar abin, don ba masu roƙon yanka ne suka sa ba.

Ana gobe Gambo zai dawo, Rakiya ta kira ni ta nuna mini cikin rumbu. Na ɗauki inji na ce zan je neman busasshe. Ban san yadda aka yi ba, sai na tsinci kaina a gindin babban gawona, na ɗora ƙafa a kan inji, igiya a hannu, ina diban ta wane gefe zai faɗi kada ya danne ƙananan. Har na zaɓi gefen. Ba suruki a wurin, ba maƙwabci, ba wanda ya roƙe ni. Abin da ya tsai da ni, saniyata ce ta biyo ni tana tsintar 'ya'yan da suka zubo, ta tsaya daidai inda zai faɗa. Kafin in kore ta hankalina ya dawo, na saki igiyar na zauna a ƙasa.

Washegari na kai shi Tasawa. Gambo ya tambaye ni ko wani aibu na gani, na ce ko ɗaya, lafiyarsa ce ta yi mini yawa. Bai gane ba, ni ma ban tsaya bayani ba. Maraƙin na sayar da shi a ranar na auno dawa, ka san yadda bisashe suka faɗi, abin da aka ba ni bai cika ido ba. Mun raba da gidan su Rakiya, yanzu saura ta 'yan kwanaki.

Na ɗauka in na rabu da injin na huta. Ashe Dodo ne ya saye shi, dillalin masu kamyon nan. Da fari daga nesa muke jin kukansa, can wajen Kona. Yanzu kullum sai ya ƙara matsowa. Ina cikin gyaran gona in ji shi, sai in ajiye kalme in tsaya, in yi ta lissafin gonar wa ce. Hadari yana haɗuwa a gabas da yamma ya watse, ko ɗigo babu.

Jiya Dodo ya same ni a gona. Ya gaishe ni da ladabi, ya yi mini jajen shekara, duk yana magana idonsa na bisa. Ya ce ba ya matsa wa kowa, amma babban gawon nan kaɗai zai ba ni abin da zai kai mu shuka. Na so in kore shi, wallahi na so. Sai na ga na miƙa mishi gorar ruwana ya sha.

Ya ce zai biyo bayan sallar Juma'a mai zuwa. Ban ce mishi to ba, Cha'ibu, amma ban ce a'a ba.

Ban taɓa roƙonka komai ba sai shawara. Na san birni ma ba daɗi, na san bakunan da kake ciyarwa. Amma in akwai ko rabin buhu ne, ko na masara, ko na garin rogo, ka ba direban nan ya taho da shi kafin Juma'a. In babu, to ka zo da kanka ka zauna kusa da ni a gindin iccen nan ranar, don ni kaɗai ban amince da bakina ba.

Rakiya da yara suna gaishe ku. Allah shi kawo mana ruwa.

Ɗan'uwanka,
Na Allah