Surukina ya kifa 6 ta zama 9, ni za a kora

Malam, don Allah a taimaka mini kafin zuciya ta sa ni aika-aika. Shekara bakwai rabona da gida, ina ƙasar waje. Aikina zana haruffan da ake buga littattafai da su, a wani ɗan ofis mai tebur huɗu da taga ɗaya da ba ta buɗuwa.

Ƙanin matata ni na jawo shi nan, ni na koya masa aikin. Tun ranar farko na ja masa kunne kada ya kifa harafi don ya samu wani. Manhajarmu tana bari ka juya 6 ta zama 9, ko n ta zama u. A allon kwamfuta ka gan ta daram, amma da an buga sai ta zame ƙasan layi kamar mai zaune a karyayyar kujera. Ya ce to. Ashe to ɗin na baki ne. Aka buga littafin lissafin yara da haruffanmu, kowace 9 ta nutse. Maɗaba'a ta dawo da kwalayen littafin, ga su jibge bayan kujerata.

Maigidanmu a ofis yana son sanin wanda ya yi. In na faɗa, a kore shi, takardar zamansa ta mutu, ban san da wane baki zan gaya wa yayarsa ba. In na yi shiru, ni za a sallama, don ni ne babba. Gogan kuwa wai laifin manhaja ne! Ban ce manhajar ba ta da laifi ba, kuma an jibga masa aikin mutum biyu. Amma ko haƙuri bai ba ni ba. Abin da na tara a shekarun nan kuɗin jirgi ne da bulo ɗari biyar a fili marar katanga.

Wanda ya gaji

Ɗan'uwa, fushinka yana kan hanya, amma kai ne babba. Ina gwajin takarda kafin aiki ya fita? Wannan kasonka ne, ka ɗauka.

Kada ka yi ƙarya, kada kuma ka kai ƙara a bayan idonsa. Ka zaunar da shi yau, ka ce gobe tare za ku shiga wurin maigida, kowa ya faɗi nasa da bakinsa. Ku tafi da gyara a hannu: sabuwar 9 da aka zana daga farko, a buge a takarda kusa da tsohuwar. Ku faɗi yawan aikin ma. Ka kira matarka kafin labari ya riga ka.

In ya ƙi shiga, ka shiga kai kaɗai ka faɗi gaskiya. Ka jawo shi, ka koya masa, bai kamata ka biya da aikinka ba. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya sa bulon nan ya zama ɗaki.