Kushewar Innarmu Tana Cikin Gonar da Aka Karɓe

Zuwa ga Mai Girma Maigarinmu,

Ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dattawan gari. Ni ne Habila ɗan Ɗanladi, na gidan nan da ke bayan gari ta hanyar Gabi. Na yi ta zuwa ƙofarka, kullum a ce mini kana hutawa ko ka tafi Madarunfa. Shi ya sa na rubuto, na kuma roƙa a karanta wannan a bainar jama'a, tun da a bainar jama'a aka yi mana abin da aka yi.

Na farko. Ka san mahaifina tun kuna samari. Kuturta ta kama shi ina ƙarami, ya tafi likitar mishan, wato asibitinsu, kusa da Maraɗi. Ya dawo da lafiya, yatsunsa a guntule, ya kuma dawo yana bin Yesu Almasihu. Innarmu Saratu ta bi shi, mu ma muka bi, ba wanda aka tilasta wa. Tun daga nan aka daina haɗa kwano da mu. Matanmu sai su tsaya a bakin rijiya har kowa ya gama, kada guganmu ya taɓa na wani. Ba mu taɓa kai ƙara ba. Lanho, wato haraji, muna biya, gayya muna fita.

Na biyu. Bara, da fari ya cinye hatsi, Inna ta riƙa ɓoye rabonta tana bai wa jikoki. Ba mu gane ba sai da ƙafafunta suka kumbura. Da ta rasu na zo na durƙusa gabanka, na roƙi wuri a maƙabarta, kusa da iyayenta. Ka ce babu wurin Kirista a can, mu kai ta gonarmu. Muka ɗauke ta a kan tabarma cikin zafin rana, ni da ƙanena. Ƙasa ta yi tauri, ga yunwa, mahaifina kuwa ba ya iya riƙe fartanya. Maƙwabcinmu Malam Idi kaɗai ya biyo mu. Ya karɓi ginar ramin daga hannuna, ya ce Saratu ce ta karɓi haihuwar ƴaƴansa, ba zai bari ta kwanta a rami marar zurfi ba. Allah ya saka masa.

Na uku, wanda ya sa na kasa yin shiru. Bana ka aiko a faɗa mana cewa gonar aro ce tun zamanin kakanmu, kuma ka ba wani. Gonar da kai da bakinka ka kira ta tamu ranar da ka tura mu da gawa. Sabon mai ita ya riga ya yi sassabe. Ya kwashe ƙayar da muka kewaye kushewar da ita, ya ƙone. Ƙarshen watan nan ruwa zai sauka, a shuka gujiya a kan mahaifiyata.

Ranka ya daɗe, ba zan ɓoye maka ba, ranar da na ga tokar nan na ɗauki gatari. Mahaifina ya tare ni a bakin ƙofa. Ya tara mu duka, har yara, ya sa matata ta karanta mana inda Almasihu ya ce mu ƙaunaci maƙiyanmu, mu yi addu'a domin masu tsananta mana. Sannan ya ce ni zan yi addu'ar, kuma in ambaci sunanka. Na kuwa yi. Tun ran nan kowace safiya ana ambatonka a gidanmu, kuma ba da mugun baki ba. Bangaskiyarmu ke nan, ba mu da abin nunawa da ya fi haka. Amma ta hana mu ramuwa ne, ba ta hana mu faɗin gaskiya ba.

Ga roƙona. A mayar mana da gonar. In ba za a mayar ba, a bar mana gefen da Inna take, mu sake kewaye shi kafin shuka. Kuma ka faɗa mana tun yanzu inda za mu sa mahaifina, don ƙarfinsa ya ƙare, tari ba ya barin shi. Shi ya ce in tambaye ka. Ya ce ba ya so mu yi yawo da shi a tabarma muna roƙo.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka lafiya, ya ba garinmu damina mai albarka. Allah ya sa ranar da taka ta zo a sami masu ɗaukarka da yawa, a kwantar da kai kusa da naka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Habila ɗan Ɗanladi