Na bar Baba yana zargin muryarsa, alhali na'urata ce ta yi jinkiri

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, ina fatan kowa yana lafiya da iyalinsa. Admin ka ɓoye sunana, domin a nan akwai waɗanda suka san ni. Don Allah ku ba ni shawara, musamman masu harkar situdiyo, wallahi kwana goma sha ɗaya ke nan na rasa inda zan sa kaina.

Ina da ɗan situdiyo a Ƙaraye, ɗaki ɗaya ne da laftop da sawun kad mai layi biyu, wato akwatin da ake jona makirfo a ciki ya kai sauti kwamfuta, kowane layi makirfo ɗaya yake ɗauka. Da shi nake yi wa samari waƙar biki da tallar shago, ba a taɓa samun ƙorafi ba. Mahaifina kuwa mawaƙin noma ne a wajen Jajaye, tun kafin a haife ni shi ake kira idan an yi gayya, ya tsaya a bakin gona yana zuga manoma. Yanzu gayyar ta yi ƙaranci, shi ma ya tsufa, kuma babu waƙarsa ko ɗaya da aka taɓa ɗauka. Ni na dame shi, wata da watanni ina roƙo, yana cewa waƙar gona ba ta shiga ɗaki, har dai ya gaji ya yarda.

Su biyar suka zo, shi da 'yan amshinsa biyu, da Kawu mai ganga, da wani abokinsa Bafulatani daga Ruwan Bago mai busa sarewa. Layina biyu, mutane biyar. Sai na yi yadda na saba yi wa samari, na ce Kawu ya fara kaɗa gangarsa shi kaɗai in ɗauka, Baba ya ɗora murya daga baya. Kawu ya dube ni ya ce shi fa bai taɓa kiɗa ba tare da ya ji bakin Baba ba, ganga ce ke bin mawaƙi, mawaƙi ba ya bin ganga. Na ce ya yi haƙuri haka ake yi a zamani. Ya kaɗa dai, amma kana ji ka san ba da ransa ba.

Da na sa wa Baba hedifon ya fara, nan abin ya lalace. Na manta ban cire kayan gyaran murya da na ɗora wa wani mawaƙi da safe ba, kuma bafa, wato ɗan lokacin da kwamfuta ke riƙe sauti kafin ta fito da shi, tana sama saboda laftop ɗin ba ta da ƙarfi, in na rage ta sai sauti ya riƙa kakkatsewa. To sai ya zama yana buɗe baki, muryarsa tana dawo masa a kunne a makare. Samari sun saba, su cire kunne ɗaya su ci gaba. Shi bai san da wannan ba. Ya riƙa jinkirtawa don ya haɗu da muryar da yake ji, ganga ta wuce ta bar shi, mu sake, ta sake barinsa. Sau bakwai. Abokansa suna zaune a tabarma suna kallo.

Ya cire hedifon ya tambaye ni a hankali, na'urar ce ko shi ne. Jama'a a nan na yi abin da ya hana ni sukuni. Na san amsar sarai, amma na ji kunyar a ce kayan da nake tinƙaho da su a gida ba su da kyau, ga dattawa a zaune. Sai na ce na'ura lafiyarta ƙalau, kullum da ita ake aiki. Ya sa hularsa, ya ce, "To shi ke nan, lokaci ne ya yi." Suka tashi suka hau babura, ko ruwan da na kawo ba su sha ba.

Bayan kwana uku Kawu ya zo ya same ni, ya yi mini faɗa sosai, ya ce na tara tsofaffi na kunyata babbansu, ya ce mutumin da ya yi shekara arba'in bai taɓa saɓa wa ganga ba, a ɗakina ya fara. Ban iya gaya masa gaskiya ba shi ma. Da ƙyar ya shawo kan Baba ya yarda da zama ɗaya tak, da sharaɗin su biyar za su yi tare kamar a gona. Kuma dole a yi kafin a gama girbi, domin mai sarewa zai bi shanunsa kudu, ba ya dawowa sai damina, ga Baba da tari da ya ƙi barinsa tun bara.

Na sayar da gyaɗata na tafi Kano neman sawun kad mai layi da yawa, na samu iri biyu da kuɗina zai kai, amma ɗaya kawai zan iya saye. Ɗaya sabo, layi huɗu, yana da maɓallin da ke mayar wa mutum muryarsa kai tsaye ba tare da ta bi ta kwamfuta ba, babu jinkiri ko kaɗan, kuma daga laftop yake shan wuta, ba ruwana da janareta. Amma layi huɗu ne, su biyar. Na san za ku ce in haɗa 'yan amshi a makirfo ɗaya, na yi wannan tunanin, amma Baba ɗaya yake tsayarwa a damansa ɗaya a hagunsa, ya jefa wa wannan baiti ya juya ya jefa wa wancan, haka suka saba tun suna samari. In na sake ce masa ya canza tsayuwa saboda na'ura, wallahi tashi zai yi.

Ɗayan na hannu ne, layi takwas, ya ishe ni har da saura. Sai dai tsoho ne, bakin wayarsa ba irin na laftop ɗina ba ne sai an sa adafta, mai shagon ya gaya mini gaskiya bai san ko direbansa, wato manhajar da ke sa shi aiki, zai hau kwamfutata ba, kuma in an fita da shi ba a dawowa. Wuta yake so ta bango, ke nan janareta, ga ƙararsa a cikin makirfo biyar. Na ce ko mu yi babu hedifon gaba ɗaya, to muryar Baba ta yi sanyi, ganga tana danne ta, dole Kawu ya koma zaure ya ji shi ta hedifon, in aka samu jinkiri a nan kuma Kawu ne zai saɓa, Baba ya sake zaton laifinsa ne. Na tsaya a shagon nan har aka kira la'asar, na dawo hannu rabbana.

Da na je gida ranar Juma'a, Inna ta ja ni gefe ta ce me na yi wa mahaifina. Wai kullum bayan sallar asuba sai ya tafi bayan rumbu shi kaɗai, yana rera waƙa ƙasa-ƙasa yana buga cinyarsa, ya tsaya ya sake, ya tsaya ya sake. Gyara yake yi, yana neman gyara abin da bai lalace ba. Da na shiga gaishe shi, shi ya fara magana, ya ce, "Ka yi haƙuri na ɓata maka aiki rannan, ina nan ina ƙoƙari." Na sunkuyar da kai, na gaishe shi na fito.

To masu sani, wanne zan saya, mai huɗun da na tabbata ba zai yi jinkiri ba ko mai takwas ɗin da ban san halinsa ba? Akwai dabarar da zan ɗauki mutum biyar da layi huɗu ba tare da na motsa kowa daga wurinsa ba? Sannan wadda ta fi damuna, in na gaya masa ƙarya na yi, ina tsoron ya ce ba zai sake zama gaban na'urar da ta kunyata shi da ɗan da ya rufa mata asiri ba, waƙoƙin su tafi da shi. In kuma na yi shiru har a gama ɗauka, gobe da asuba ma zai koma bayan rumbu. Ku da kuke da iyaye, in faɗa masa yau ko in jira?