Saƙon Tumfafiya Ga Mai Lambu

Ya hasken idona, sanyin zuciyata, sarkin masu ban ruwa, angon tukwanen fure,

Na ga saƙonka. Sannu da hikima! Wai ni tumfafiya ce a wurinka: mai juriya, ba ta neman ruwa, ba ta neman lallashi. Na gode ƙwarai. 'Yan mata ana kiransu wardi, ni na sami abin da ke tsirowa a bayan gareji, wanda ko akuya sai ta rasa abin ci take kallonsa.

Bari in kwatanta mu, tunda sana'arka ke nan. Waccan shukar, 'yar lelen taka ta ɗakin gilashi, danginta manya ne, sunansu ma sai an naɗe harshe. Ni dangina masu farin ruwa ne mai ɗaci. Ita mazauninta inuwa da raɓa, kana auna mata zafi kamar jaririya. Ni mazaunina bakin titi, gindin katanga, da bencin ƙofar lambunku inda nake shanya kaina har ka tashi aiki. Ita ka rataya mata allo, "irinta na dab da ƙarewa". Ni fa? Sahun "babu fargaba" ka jefa ni, ko ba haka ba?

Shi ya sa ranar Asabar Baba da Kawu suka ci ado suka zauna a falo suna jiran ka zo gaisuwa, shayi ya huce, kai kana can da ɗan burushi kana shafa mata garin fure, wai yini ɗaya take buɗewa. Kunyar da na ji ba ta faɗuwa.

Ka tuna ranar da na fara ganinka kana goge ganyenta da auduga? Na ce a raina, mai wannan hannun ba zai bar mace da ƙishi ba. Ashe layi ake bi, ni ce ta ƙarshe.

Ina sonka wallahi, abin haushin ke nan. Baba ya ce Asabar mai zuwa ce ta ƙarshe. Don Allah ka zo, ko da ƙasa a farcenka.

Kai masani ne, ka san sauran. Tumfafiya ba ta mutuwa don an manta da ita, amma ran da kwansonta ya fashe, iska ke kwashe irin, kuma ba ta tambayar wa ya fara gani.

Taka har abada, in ka riga iska isowa,
Tumfafiyarka