Doyar da Danladi ya zaɓa min

Asabar da dare, ƙarshen Oktoba

Har yanzu warin ruɓaɓɓiyar doyar nan bai bar hannuna ba. Tun daga Beji na ɗauro ta a bayan keke, ina ta murna don Danladi ne ya zaɓa min, tsohon ɗalibina da nake alfahari da shi. "Malam, ta bana ce, jiya na haƙo ta," in ji shi, har da rusunawa.

A gida Maman Aisha na sa wuƙa, sai baƙin ruwa da tsutsotsi. Ashe laka ya cusa a ramin da ke jikin doyar, ya shafe sumul. Tir!

Gobe zan sake taka keken nan zuwa Beji. Ba musaya nake so ba. So nake ya yanka sauran da hannunsa, ina tsaye.