Bakin Ƙafar Robar Nan Zai Ci Mini Gwiwa

Zuwa ga Daraktan cibiyar da ta ƙera mini ƙafar roba, Garwa.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni mahauci ne a abbatuwa, ciwon suga ya sa aka yanke mini ƙafar hagu ƙasa da gwiwa. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini ka fita, shi ya sa na rubuto a fili, ko wani zai karanta ya gaya maka.

Na farko, ba na ƙin kwamfutarku. Ma'aikacinka da ya auna ni ya zaunar da ni ya nuna mini aikinta. Ba ya zana komai da hannu. Awon dungulmina yake shigarwa, ita kuma ta bi ƙa'idojin da aka ɗora mata ta fitar da kwanon da dungulmin zai shiga, da duk lanƙwasarsa. Ya canza lamba ɗaya, na ga zanen duka ya motsa ya gyara kansa. Wallahi abin ya burge ni, har na tafi gida ina ba da labari.

Na biyu, a tsaye aka auna ni, sannan a kan kujera. Ni kuwa rayuwata a ƙasa take. A tsugune nake fiɗa, a tabarma nake cin abinci, sau biyar a yini nake naɗe gwiwa in zauna tahiya. Ƙa'idar ta ce gwargwadon faɗin gwiwa, gwargwadon tsayin bakin kwanon ta baya. Wanda ya rubuta ta, ko wane ne, da alama bai taɓa ganin yadda ake fiɗar bijimi ba. Duk lokacin da na tsuguna, bakin nan sai ya nutse mini a bayan gwiwa.

Na uku, da na dawo da ƙorafi, aka sake auna ni aka sake ƙerawa, ta fito kamar ta farko. To, ina mamaki? Awo ɗaya, ƙa'ida ɗaya. Na roƙi ma'aikacin ya rage bakin da yatsa biyu kawai, ya ce wannan lambar a kulle take, kai kaɗai ke iya buɗe ta. Na matsa masa, don tausayi ya rage awon gwiwar ko bakin zai sauka. Aka ƙera ta uku, bakin ya sauka ɗin, amma tunda komai ɗaure yake da komai, kwanon duka ya tsuke, dungulmin ya ƙi shiga. Laifin wannan nawa ne, kada a taɓa ma'aikacin.

Na koma wa ta biyun, don iyali ba za su ci haƙuri ba. Yanzu wurin ya zama gyambo, yana ruwa, kuma ka san mai suga da ciwo. Likita ya duba shekaranjiya, ya ce in bai fara kamewa ba nan da sati biyu, sama da gwiwa za su yanke. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, ba zan ɓoye maka ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ka buɗe lambar nan a rage mini bakin cikin satin nan. Kuma a ƙara awon tsugune a cikin ƙa'idojin, don na ga wani manomi daga garin Poli a bencinku yana sosa daidai inda nake sosawa.

Rabin ƙafar nan Allah ne ya karɓa, na ce alhamdu lillahi. Gwiwar kuwa tana hannunka.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar ka da ƙafafunka biyu har ƙarshen rayuwa.

Wassalam.

Naka,
Mahauci mai ƙafa ɗaya, Garwa.